Murhu Mai Cin Hayaƙinsa

Wannan takarda domin mutanen Damaga ce, da na sauran ƙauyukan ƙasar Maradun da Bakura da Talata Mafara. Wanda ya iya karatu ya karanta wa waɗanda ba su iya ba. A tabbata matan gida sun ji, gama su da 'ya'yan da su ke goyo ne maganar ta fi shafa.

Girki a Gona

Tun sa'ad da aka gama gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, cikin 1978, mutane da yawa na wannan yanki suna noma damina da rani. Wani gonarsa tana nesa da gida, sai ya yini can. In shinkafa ta fara nuna, tilas a zauna a kori tsuntsu. In kaka ta yi kuwa, wani gidan ɗungum ya kan koma gona, a kafa bukka ko rumfa, a yi yanka, a yi bugu. Masunta suna bakin ruwa, makiyaya suna mashekari. Duk inda aka sauka, abin da a ke fara nema shi ne duwatsu uku da itace.

Murhun duwatsu uku tun kaka da kakanni mu ke da shi, ba a kuwa sayensa ko da kwabo. Amma yana da aibu biyu. Na fari, ɓarnar itace. In aka raba zafin da ke cikin itacen kashi 10, da ƙyar kashi 1 ko 2 ke shiga tukunya. Saura duk iska ke kwashewa. Kowa ya san itace ya yi tsada, daji ya yi nisa. A waɗannan shekaru na rashin tsaro kuma, aika mace ko yaro daji neman itace kasada ce babba. Aibu na biyu shi ne hayaƙi, shi ne kuma ya fi muni.

Ɓarnar da Hayaƙi Ke Yi

Mun saba da hayaƙi har ba mu ɗauke shi a bakin kome ba. Mu kan ce iyakarsa ya sa hawaye. To, uwargida, ɗaga kai ki dubi rufin madafarki. Wannan baƙar kunkunniya da ta lulluɓe shi, ta ina ta bi ta kai can? Ta gaban hancinki ta wuce. Abin da ya manne a rufi, irinsa ne ke shiga ƙirjinki safe da yamma.

A cikin hayaƙi akwai wata ƙura mai laushi ƙwarai, wadda ido ba ya iya rarrabe ƙwayoyinta. Gashin hanci ba ya tare ta. Ta kan wuce har can cikin huhu, wata ma ta shiga jini. Ita ke taimakon ciwon huhu ya kama yara ƙanana. Ga manya kuwa ta kan jawo tari mai daɗewa da toshewar numfashi, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da yanar ido. Mace mai ciki da ke yini cikin hayaƙi ta kan haifi jariri marar nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin shekarar 2020 kaɗai hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kamar miliyan 3 da dubu 200 a duniya. A cikinsu yara fiye da 237,000 ba su cika shekara 5 ba.

Ɗan goye ya fi kowa shan wahala. Uwa ta sunkuya tana hura wuta, shi kuma kansa yana daidai inda hayaƙin ke tashi. Ga shi numfashinsa ya fi na babba sauri, huhunsa kuma bai yi ƙwari ba.

Mene ne Hayaƙi?

Wanda ya gane amsar wannan tambaya ya gane murhun da za mu yi magana a kansa.

Harshen wutar da ku ke gani a murhu ba jikin itacen ne ke ci ba. In itace ya ɗauki zafi, sai ya riƙa fitar da wata iska mai kama wuta, watau gas. Wannan iska ce ke ci, ta ba da harshe. In ta sami isasshen zafi da isasshiyar iskar waje, sai ta ƙone sarai. In ba ta samu ba, sai ta tashi ba ta ƙone ba. To, ita ce mu ke kira hayaƙi.

Kuna iya gwadawa da kanku. Ku kunna kyandir, ku bar shi ya ɗan ci, sa'an nan ku hure shi. Nan da nan ku kara ashana mai wuta a cikin farin hayaƙin da ke tashi, ɗan sama da lagwani. Za ku ga wuta ta bi hayaƙin ta koma kan lagwani. Ko wace mai girki ma ta san wannan, ko da ba a taɓa faɗa mata ba. In wuta ta turnuƙe, ta sa mafici ta fifita, sai ka ji fuu, harshe ya tashi, hayaƙi ya ɓace. Ina ya tafi? Wuta ta cinye shi.

Ashe ke nan hayaƙi makamashi ne da ya tsere. Itacen da aka sha wahala aka ɗebo, wani sashinsa yana tashi sama a banza, yana kuma cutar da mu a kan hanyarsa.

Asalin Murhun

Sanin gas ɗin itace ba sabon abu ba ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, 1939 zuwa 1945, fetur ya yi wuya a Turai, har mutane suka riƙa ɗaura wa motoci tukwanen ƙarfe, suna zuba guntayen itace, motar tana tafiya da gas ɗin da ke fitowa. Daga baya, cikin 1985, wani masani a Amurka, Thomas Reed, ya fito da dabarar cika ƙaramin murhu da itace a kunna shi daga sama. Wani mutumin Norwe kuma, Paal Wendelbo, ya ƙera irinsa, aka yi aiki da shi a wajen 'yan gudun hijira a arewacin Uganda cikin shekarun 1990. Suka sa masa suna Peko Pe, watau "babu damuwa" da harshen Acholi. Yau a Turai da Amurka masu zuwa yawon daji su kwana cikin tanti su kan sa ƙaramin irinsa a jaka, su tsinci ƙirare inda suka sauka su dafa abinci. Abin da su ke yi don nishaɗi, mu bukata ce ta sa mu.

Yadda A Ke Ƙera Shi

Ana bukatar gwangwani biyu, babba da ƙarami. Babban gwangwanin madarar gari ya isa na waje, babban gwangwanin tumatir kuma na ciki. Abin lura shi ne, in aka sa ƙaramin cikin babban, a sami tazara kamar faɗin yatsa kewaye da shi, gindinsa kuma kada ya taɓa gindin babban.

A ɗauki ƙaramin, a sa ƙusa da guduma a huda gindinsa da yawa, kamar rariya. Ta nan iska kaɗan za ta shigo ta bi cikin itacen. Sa'an nan a huda layi ɗaya na kafofi kewaye da wuyansa, kamar faɗin yatsa ƙasa da baki, ko wace kafa ta kai kaurin fensir. Waɗannan kafofi na sama su ne ran murhun duka.

Babban kuma a yi masa manyan kafofi kewaye da jikinsa, can ƙasa kusa da gindi. A yanke tsakiyar murfinsa daidai yadda ƙaramin zai shige ya rataya da bakinsa. Lalle wurin nan ya kama tsam, kada iska ta sami hanyar fita ta gefen baki. Mai ƙirar gwangwani ko mai walda na kasuwa, in aka nuna masa sau ɗaya, ya iya. In ana son babba don iyali mai yawa, a yi na waje da garwa, na ciki da ƙarfe mai ɗan kauri.

Ba ko wane gwangwani a ke ɗauka ba. Wanda aka taɓa zuba maganin ƙwari ko na kashe ciyawa a ciki, ko fenti, ko baƙin mai, a bar shi. Kwanon rufi da bokiti mai shafin tutiya su ma a bar su, gama in suka yi zafi su kan fitar da tururi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Haka duk wani mazubi da ya taɓa zama wurin niƙan dutsen zinariya. Mutanen Zamfara ba su manta da 2010 ba, sa'ad da gubar dalma ta kashe yara kamar 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Ko gwangwanin abinci ma yana da shafi a cikinsa da fenti a bayansa. Saboda haka sabon murhu a fara hura shi a fili, nesa da mutane, ba tukunya, har shafin ya ƙone ƙurmus.

Yadda A Ke Hura Shi

Nan ne ya saɓa wa abin da muka saba. Mun saba sa wuta a ƙasa, itace a sama. Wannan kuwa itace a ƙasa, wuta a sama.

A sassare busasshen itace guntu-guntu, kaurin babban yatsa, tsawonsa kada ya wuce yatsa. A cika gwangwanin ciki, a girgiza shi su zauna, amma a tsaya ƙasa da kafofin wuya. In itace ya rufe kafofin, aikin ya ɓaci. A ɗora ƙananan ƙirare da busasshiyar ciyawa a kai, a ƙyasta ashana. Kada a kunna da leda ko tsohon takalmin roba, hayaƙinsu guba ne. Fetur kuwa ko kusa.

Minti biyu ko uku na fari zai ɗan yi hayaƙi. A yi haƙuri. Da saman itacen ya kama sosai, wutar za ta riƙa sauka ƙasa sannu sannu, tana gasa itacen da ke ƙarƙashinta, yana fitar da gas. Gas ɗin ya taso ta cikin garwashi mai zafi. A daidai lokacin kuma iskar waje ta shigo ta manyan kafofin ƙasa, ta hau tsakanin gwangwanayen biyu, ta ɗauki zafi, ta fito ta kafofin wuya. Can su ke haɗuwa, wuta ta kama. In kuka leƙa za ku ga harsuna ƙanana suna fitowa daga ko wace kafa, kamar risho. Sai a ɗora tukunya.

Tukunya ba ta zama a kan bakin murhu daɓas, in ba haka ba wutar ta shaƙe. A bar tazarar yatsa biyu ko uku. Hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye murhun a tsakiyar duwatsu uku masu tsawo, ko tubala, su ɗauki nauyin tukunyar. Wannan ya fi kyau ƙwarai in za a tuƙa tuwo, gama gwangwani ba ya jure bugun muciya, tukunyar talge kuwa in ta kife a kan ƙafa ba ƙaramar masifa ba ce. In ana iska, a kare shi da dutse ko tsohon ƙarfe ta gefen da ta ke busowa.

Abin da Ya Ke Ci

Amfaninsa babba ga mai zaman gona shi ne ba ya bukatar gungume. Ƙirare, da reshen da aka sassabe, da totuwar masara, da ɓawon gyaɗa, duk yana ci. Totuwa ta fi kyau in an karya ta biyu ko uku. Karan dawa da na gero suna ci, sai dai ba su daɗewa. Sharaɗi ɗaya ne, kome ya bushe ƙayau. Ɗanyen itace ko jiƙaƙƙe ya kan kashe harshen, murhun ya koma tulin hayaƙi, har ya fi na duwatsu uku turnuƙewa. Da damina a ajiye makamashin kwana biyu ko uku a inuwa inda ruwa ba ya taɓawa.

Mutanen Bakolori za su tambaya, ina labarin ɓuntun shinkafa, wanda ga shi nan tsibi-tsibi a bakin injin? Yana da gas ƙwarai. Amma ya kan cushe, iska ba ta iya ratsa shi da kanta. Sai an sa masa ƙaramar fanka ta riƙa tura iska daga ƙasa. Wani injiniya a ƙasar Filifin, Alexis Belonio, ya ƙera murhun ɓuntu mai irin wannan fanka, yana ba da shuɗin harshe kamar na tukunyar gas. Fankar tana aiki da batir ko da faifan sola. In babu fanka, kada a wahalar da kai da ɓuntu zalla a cikin gwangwani.

Ciki ɗaya na ƙaramin murhu ya kan kai kamar minti 20 zuwa 40, gwargwadon itacen. Ya isa shayi, ko koko, ko taliya, ko miya, ko dafa-dukar mutum biyu ko uku. Ba ya son a yi ta ƙara masa itace yana ci. Guntu ɗaya ko biyu ba laifi, amma in aka tula, sai ya mutu. Rage ƙarfin wutarsa kuma da wuya. Saboda haka a gyara kayan miya, a wanke shinkafa, a ɗebo ruwa, tun ba a kunna ba. Don wake ko wani abu mai daɗewa, gara a yi murhu biyu, ɗaya na ci ana cika ɗaya.

Sa'ad da gas ya ƙare, harshen ya kan ƙanƙance ya koma shuɗi, sa'an nan ya mutu. Abin da ya rage a ciki gawayi ne, kamar kashi 1 cikin 5 na nauyin itacen, ko ƙasa da haka. A kama murhun da awartaki, ba da hannu ba, a juye garwashin cikin rami, a rufe da ƙasa ko a zuba ruwa. In ya huce, ga gawayin guga ko na gasa masara. Wasu su kan daka shi su gauraya da takin dabbobi su kai gona, don yana taimakon ƙasa mai rairayi ta riƙe laima. In aka bar garwashin ya ci a cikin gwangwani har ya zama toka, gindin gwangwanin ba zai yi ƙarko ba.

Kada a Shiga da Shi Ɗaki

Wannan ita ce magana mafi nauyi a takardar nan. Rashin ganin hayaƙi ba ya nuna babu guba. Ko wace wutar itace ko ta gawayi tana fitar da wata iska da a ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga jini sai ta hana shi ɗaukar iskar da rai ke bukata. Garwashi mai ja, marar harshe, marar hayaƙi, shi ya fi fitar da ita.

Da hunturu, sanyin bakin ruwa ya kan sa mutum ya ja wuta cikin bukka ya rufe ƙofa. Haka a gida a kan sa wa mai jego ko tsoho kaskon wuta a ɗaki. Da yawa sun kwanta haka ba su tashi ba. Wannan murhu, da garwashin da ya bari, wurinsu fili ne, ko rumfa mai buɗaɗɗen gefe. Ba bukka rufaffiya ba, ba tanti ba, ba ɗakin kwana ba.

In mutum yana kusa da wuta ya ji ciwon kai, da jiri, da tashin zuciya, da kasala, musamman in mutum biyu ko uku suka ji haka tare, a fita da kowa waje nan take. Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe a inda iska ke kaɗawa, a nemi abin hawa a kai shi asibiti. Kada a ɗura masa kome a baki.

Gobara ma abar tsoro ce da kaka. A share ciyawa kewaye da wurin girki, a yi nesa da tarin dammuna da kara. Jikin murhun ya kan yi zafi ƙwarai, yaro mai rarrafe kuwa ba ya ganin wuta a jikinsa, sai ya kai hannu. In aka ƙone, a yi ta zuba ruwa mai tsabta, mai sanyi, har minti 20. Kada a shafa manja, ko ƙwai, ko man goge baki, ko toka. A rufe da tsabtataccen ƙyalle. In ƙunar ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko tana fuska, ko hannu, ko gaba, ko kuwa yaro ne ƙarami, a tafi asibiti.

Iyakar Amfaninsa

Ba za mu ce muku murhun nan maganin ciwon huhu ne ba. An gwada a ƙasar Malawi. Aka raba wa gidaje murhun gas ɗin itace na kamfani, mai fanka, aka bi lafiyar yara fiye da 10,000 har shekara biyu. Da aka bayyana sakamako a ƙarshen 2016, sai aka ga ƙuna ta ragu, amma ciwon huhu bai ragu ba. Masu binciken suna ganin daga cikin dalilai akwai lalacewar murhun, da komawar mutane ga tsohon murhu, da hayaƙin da yara ke shaƙa daga wasu wurare, kamar ƙona shara. Tukunyar gas da lantarki sun fi shi tsabta nesa ba kusa ba, ga wanda ya sami hali.

To, me ya rage? Murhun yana rage itace, yana cin abin da a da a ke zubarwa, yana hutar da mace da yaro daga shiga daji, in kuma an hura shi daidai hayaƙinsa kaɗan ne. Sauran aikin yana hannun iyaye. A yi girki a fili. Mai girki ta zauna ta gefen da iska ke fitowa, hayaƙi ya yi gaba. A sauke goyo, a ba wata ta riƙe shi can nesa a inuwa har a sauke tukunya. Maigida kuma ya buɗe wa madafar gida taga biyu masu duban juna, ya daina ƙona shara a tsakar gida.

Yaushe Za a Kai Yaro Asibiti?

In yaro yana tari, a buɗe ƙirjinsa sa'ad da ya ke kwance shiru, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif da agogon waya. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya yi 60 ko fiye, ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa shekara 1, iyakar ita ce 50. Daga shekara 1 zuwa 5, 40. In ya kai haka, a kai shi ɗakin shan magani a ranar.

In kuwa ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki sa'ad da ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko yana jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, to, ba a jira gari ya waye. A bar aikin gona, a nufi asibitin Maradun, ko na Talata Mafara, ko na Bakura, wanda duk ya fi kusa. A tafi da katin rigakafinsa, ma'aikacin lafiya ya duba ko akwai allurar da ta wuce shi.